Ranar Da Tumbina Ya Kawo Sabis

Jama'a, in kun hangi wani ƙato a kan tankin ruwa da sassafe, ya ɗaure ɗan akwatin intanet a jikin sandar goge-goge yana miƙa wa sama, kada ku kira 'yan kwana-kwana. Ni ne. Haka na wayi gari ranar Talatar makon jiya, ƙafa ɗaya a kan murfin tanki, ɗaya a kan katanga, mai ɗakina tana ƙwala mini kira daga falo.

"Ya kawo! Tsaya nan, kar ka motsa!"

Na ƙame. Ko numfashi da dabara nake yi.

"Ya ɗauke! Me ka taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba, ƙiftawa kawai na yi."

"To ka daina ƙiftawa mana!"

Wajen saukowa wandona ya kece tun daga baya har gwiwa, a gaban matar maƙwabci da ta fito shanya. Ta ce mini sannu da aiki da wata irin murya, na amsa, na shige gida da baya da baya.

Kada ku zaci don kallon ƙwallo nake wannan wahala. Mai ɗakina ma'aikaciyar jinya ce, shekara da shekaru tana tsaye a kan marasa lafiya a matsayi ɗaya. Akwai jarrabawar ƙarin girma da ake yi daga gida ta intanet, kyamara a kunne, wani yana can yana zuba maka ido. Hotonka ya tsaya, to a wurinsa satar amsa ka yi, ba ruwansa da bayani. Bara ta zauna, tana tsakiyar rubutu sabis ya yi ɓatan dabo, aka soke ta. Ranar ta yi kukan da har yau in na tuna raina ɓaci yake. Sau biyu ake ba mutum dama, kuma ta ƙarshen ta faɗo ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Kamfani uku ke sayar da intanet na gida a unguwarmu, kuma babu wanda bai ci kuɗina ba. Suna da sunaye masu daɗi a allon talla, amma mu da abin da suke faɗa mana a waya muke kiran su.

Akwai Kashe-Ka-Kunna. Shi ne mai arha, kuma yana gudu tsakani da Allah, matuƙar duk unguwa barci take. Da maƙwabta sun farka sai ya koma rarrafe. Ka kira su, magani ɗaya ne da su: ka kashe akwatin ka sake kunnawa. Na kashe na kunna har maɓallin ya lotsa ya shige ciki.

Akwai Muna-Kan-Aiki, masu waya ta ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan suka haƙa rami a ƙofar gidana, suka sayar mini da abin da suka kira mara iyaka. Tsakiyar wata na yi karo da iyakar. Ashe tana nan, ba su dai faɗa mana inda suka ajiye ta ba. Daga baya masu gyaran titi suka zo suka datse wayar, suka tafi abinsu, titin ma ba a gyara ba. Abu ɗaya da bai taɓa katsewa ba shi ne saƙonsu na tunin biyan kuɗin wata.

Sai babban yayansu, Daga-Wajenku-Ne, wanda ya fi kowa tsada da girman kai. Allonsa ya ce gudu har zuwa mega ɗari. Na kira na ce baiwar Allah, ni ko ɗaya ban gani ba. Ta ce, "Yallabai, ai har zuwa muka ce. Kuma matsalar daga wajenku ne, katangarku ta yi kauri." Na ce a kan tanki nake, babu katanga tsakanina da sama. Ta ce to iskar wajenmu ce.

Za ku ce me ya hana ni kai ƙara. Na kai, wallahi. Akwai wani babban ofishi da aka gina da kuɗinmu don ya tsaya mana, ƙarƙashin Mai Girma Sarkin Awo, Allah ya ƙara masa sanyin mota. Na iske wani ma'aikaci yana gyangyaɗi, ya ce ai ta intanet ake shigar da ƙara. Na ce shi ne ba ni da shi. Ya ce su ma tun safe babu, sannan ya matso ya rage murya ya ce ko zan ɗan jona masa ta wayata, yana da saƙon da zai tura.

Amma kada a ce ban yi wa Mai Girma adalci ba, don ya taɓa zuwa unguwarmu da kansa ya auna gudu. Ana gobe zai zo, kamfanonin nan uku suka turo manyan motoci masu dogayen ƙarafan ƙara sabis, suka kafa a bakin titi. Ranar intanet ya yi gudun da har tsoro ya ba mu. Mai Girma ya sauko, wani na kusa da shi ya ɗaga waya sama, aka yi tafi, ya ce madalla, ya koma mota. Kafin jerin gwanonsa ya sha kwana an fara naɗe ƙarafan. Da yamma muka ji a rediyo wai unguwarmu ta zama abin koyi.

To ranar Talatar nan, bayan na sauya wando, na fita na zauna a benci ina kumbure-kumbure. Sai ga Birki, maƙwabcina, tsohon direba da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa manya, yanzu kuma yake bayar da hayar wata baƙar mota mai duhun gilashi. Na zayyana masa komai. Shi kuwa sai ƙare wa cikina kallo yake.

"Malam, tashi tsaye."

Na tashi.

"Juya. Allah mai iko! Kana yawo da wannan tumbi kana kukan sabis? Wannan ai tumbin ofis ne."

Na ce ban gane ba. Ya ce ranar Asabar babban baƙo zai zo awo, kuma ni ne baƙon. Na ce ya rufa mini asiri, ina da iyali, ba zan yi sojan gona ba.

"Wa ya ce ka ce kai wani ne? Manyan da na tuƙa, ka taɓa jin sun faɗi ko su wane ne? Fitowa kawai suke daga mota, sauran aikin mutane ke yi musu."

Sauran shirin bai ɗauki lokaci ba. Birki ya je wajen mai askin layinmu, inda wakilan kamfanonin ke aski, ya raɗa masa cewa wani na sama da Sarkin Awo zai zo ba sanarwa, amma sirri ne. Jama'a, in gaskiya za a bi wajen gwada gudu, mai askinmu ne na ɗaya a unguwa, kuma kyauta yake aiki. Kafin la'asar labarin ya dawo mini ta bakin mutum uku, har an ƙara da cewa baƙon ya kori wani manaja daga aiki a wata unguwa. Ana gobe Asabar, sai ga motoci masu ƙarafa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya.

Mai ɗakina da ta ji shirin ta riƙe baki.

"Baban yara, in aka kama ka fa?"

Na ce in aka kama ni ta kawo mini abinci, amma da sabon matsayinta za ta zo. Ta yi dariya, idonta kuwa ya ciko.

Asabar da safe Birki ya zura mini wani kwat da tsohon ubangidansa ya ba shi, ya ɗora mini baƙin tabarau, ya yi mini huɗuba a mota.

"Hannu a baya. Kar ka gaisa da kowa. Ka dubi sama, ka dubi ƙasa, ka ce hmm. Aka yi maka bayani, ka nuna kamar wari kake ji."

Muka zaga ta bayan layi muka shigo ta babban titi. Ya buɗe mini ƙofa har da rusunawa. Wallahi tumbin nan da mai ɗakina ta shekara tana yaƙi da shi, shi ya fara fita, wakilai suka taso a guje. Mutanen da nake kira su ajiye ni a waya ina sauraron kiɗa, yau ga su suna ture juna wajen riƙe mini lema. Na Kashe-Ka-Kunna ya rantse su ba sa katsewa. Na Muna-Kan-Aiki ya tsaya daidai kan ramin da suka haƙa don kada in gani. Na dubi sama na ce hmm. Nan take wani ya ruga ya ƙara wa ƙarfensu tsawo.

Matsalar ita ce babba na gaske ba ya daɗewa, ni kuwa dole in tsaya har a gama jarrabawa, don na san ina juya baya za su naɗe kaya. Mun yi da mai ɗakina in ta gama za ta rataya tawul a taga. Rana ta take, kwat ya jiƙe sharkaf, takalmi ya fara cizo, taga shiru. Na auna bakin titi, na auna gindin bishiya, na koma na sake auna bakin titi. Tsawon tsayuwar tawa ya ƙara firgita su, har na ji ɗaya yana raɗa a waya cewa wannan ba irin na da ba ne, da gaske yake.

Can sai wakilin Daga-Wajenku-Ne, wanda na je ofishinsu na yi masa tas kwanan baya, ya leƙo ta ƙarƙashin lema.

"Ranka ya daɗe, kamar na san fuskar nan..."

Na hango an naɗe ƙarafa, hoton matata ya tsaya cak. Sai Birki ya daka masa tsawa.

"Kai! Wa ya ba ka izinin kallon fuska? Sunanka wa? Wane ne manajanka?"

Bawan Allah ya sunkuyar da kai, bai sake ɗagowa ba sai kallon takalmina.

Ana cikin haka Iya ta ratso taron da sandarta. Tsohuwa ce da ke ƙarshen layinmu, ta san ni tun kafin in yi gemu, amma ranar ko kallon fuskata ba ta yi ba. Ta durƙusa da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, ɗana yana aiki a nesa, sai da yamma yake samun kirana ta bidiyo. Da fuskarsa ta fito sai ta tsaya, baki a buɗe. Na biya waɗannan, na biya waɗancan. Ni dai in ga yana magana kafin in mutu. Ka sa su bar ƙarafan nan ko zuwa yamma ne."

Jama'a, ban shirya ba, ban yi tunani ba. Sai kawai na ji bakina ya buɗe da kansa, da wata murya mai kauri da ban san ina da ita ba.

"Za mu duba, Iya. Za mu kafa kwamiti."

Aka yi tafi. Iya ta yi godiya har da sa albarka. Daidai nan tawul ya bayyana a taga, Birki ya tura ni mota, muka bar wajen.

Na shigo ta ƙofar baya na iske mai ɗakina zaune gaban kwamfuta, hannu a ka. Na zaci an sake soke ta. Ta juyo mini da allon: ta ci, kuma hoto ko gezau bai yi ba. Ta rungume ni da kwat ɗin da warin zufarsa, tana kuka tana dariya, tana cewa daga yau ba za ta sake yi wa tumbina gori ba. Na leƙa ta taga, har sun fara naɗe ƙarafa.

Shekaranjiya saƙo ya shigo daga kamfanonin uku kusan a tare. Wai sakamakon awon da hukuma ta yi har sau biyu, an tabbatar unguwarmu ta shiga sahun unguwannin alfarma, don haka farashi ya tashi. Gudun kuwa yana nan inda muka bar shi. Na nuna wa Birki, ya ce in gode wa Allah, ai ba kowane babba ne ziyararsa ke haifar da sakamako cikin mako guda ba.

Da yamma na haɗu da Iya a ƙofar gidanta, waya a hannu.

"Ɗan nan, ka ga babban da ya zo ranar Asabar?"

Na ce ina ciki lokacin, ban fito ba.

"Gara da ba ka fito ba. Maƙaryaci ne kamar sauran. Ka ga cikinsa kuwa? Duk haƙƙinmu ne a ciki. Allah ya isa."

Na ce amin, kunya kuwa kamar in nutse. Na taho da ita gida na ɗauko sandar goge-goge, na jona wayarta da akwatina, na ajiye mata kujera a gindin tanki, na hau. Can na ji ta tana cewa, "Ga shi yana motsi! Ɗan nan, kar ka ƙifta!" Ban ƙifta ba har suka gama gaisawa da jikoki.

Saboda haka ina miƙa gaisuwar ban girma ga Mai Girma Sarkin Awo. Ranka ya daɗe, na ɗana aikinka na rabin yini, na ga ba shi da wuya: hmm ne, da za mu duba. Sai dai ina ba da shawara ka riƙa zuwa da kanka, don akwai wani Allah ya isa da na karɓa a madadinka, kuma yana nan na ajiye maka.