Wayar da Ba ta San Suruki ba

Wani ne a nan Talatar Mafara, mai sayar da shinkafa. Ni da na yi shekara shida a Fatakwal na dawo ina cika baki na ga duniya, sai na ishe garin ya riga ni. Mai kilishi da shago cikin waya, mai tumatir da shago cikin waya. To shi ma mutumin naku ya buɗe nasa. Ya sa hoton buhu, ya sa farashi, mai saye ya taɓa ya biya, a ɗora masa a mota.

Damuwarsa ɗaya. Matarsa Hussaina ta tafi Bakura wankan haihuwar fari, arba'in ta wuce da sati biyu, ba a maido ta ba. Surukinsa Alhaji Sambo shi ma shinkafa yake sayarwa a waya. Mutumin kuwa irin masu kunyar nan ne na da. Ko a rediyo aka ambaci mai sunan tsohon, sai ya gyara zama.

Ran nan ya je wurin Mas'ud mai gyaran waya.

"Mas'udu, an ce akwai abin da kaka sa ma waya, in wani ya rage kuɗin kaya ta yi ƙara."

"Akwai. Har da wadda za ta rage maka naka da kanta. Wani ya sauko, kai ka sauko ƙasa da shi da ɗari biyar, ko kana wanka."

"Ita nika so. Sa mini duk mai shinkafa, daga nan har Maradun."

Mas'ud ya shiga karanto sunayen shaguna, mutumin na cewa sa shi, sa shi, wannan ma sa shi, azzalumi ne. Sai aka zo kan Alhaji Sambo na Bakura. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya zare takalmi.

"In sa shi?"

Mutumin ya ƙara sunkuyawa.

"Shiru ma amsa ce," in ji Mas'ud. Ya sa shi.

Ko gida bai kai ba waya ta yi ƙwal. Alhaji ya rage dubu. Kafin mutumin ya gama salati, shagonsa ya rage dubu da ɗari biyar. Ya kama kai. A garin nan ka karya wa surukinka farashi a bainar jama'a, ai kamar ka sha gabansa a sahu ne ka taka masa riga.

Da la'asar, ƙwal. Washegari, ƙwal, ƙwal. Kuma duk saukar da aka yi, sai wani Maikuɗi daga Maradun ya taɓa ya sayi buhu goma a shagon mutumin. Mutumin ya kashe wayar, ya tura ta cikin buhun shinkafa, ya ɗinke baki. Da ya kwance bayan kwana biyu, ya ishe an sauko sau tara.

Ya koma wurin Mas'ud a guje.

"Na kashe ta, ba ta bari ba."

"Ko rijiya ka jefa ta. Aikin ba cikinta yake ba, can sama yake. In tsai da shi duka?"

"Na Maradun su cinye ni? A'a. Mutum ɗaya za ka cire."

"Wa?"

"Wancan."

"Wane wancan?"

"Na Bakura."

"Na Bakura su biyar ne. Faɗi suna."

"Mas'udu, ka ji tsoron Allah."

"To nuna shi da yatsa."

"In nuna shi da yatsa? Wa ya rene ka?"

Mas'ud ya gaji. Ya ce to zai riƙa karantowa, wanda za a cire a ce masa cire. Ya karanto na farko, mutumin ya ga hanya ce ta zuwa inda ake so, ya ce cire. Na biyu, cire. Haka aka share Bakura, aka share Maradun, aka share har 'yan Janbako. Aka zo kan Alhaji Sambo. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya zare takalmi.

"Wanga dai kana ji da shi," in ji Mas'ud, ya miƙa masa waya. "Shi kaɗai na bar maka."

Da ya ga abin ya fi ƙarfin mai gyara, sai ya sayi goro da sabulu da atamfa, ya hau babur sai Bakura. Niyyarsa ya ba da haƙuri, in fuska ta samu ya yi maganar iyali. Tun daga bakin layi ya kashe babur ya tura. Ya ishe Alhaji a zaure kan buzu, carbi a hannun dama, waya a hannun hagu. Ya durƙusa can nesa kusa da takalma.

"Barka da hutawa, Baba."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina mutanen Mahwara?"

"Suna gaishe ku."

"Madalla. Ya kasuwa?"

Tsoho ya motsa babban yatsa. Aljihun mutumin ya ce ƙwal.

"Kasuwa alhamdu lillahi, Baba."

"To madalla. Ya ruwa wajenku?"

Ƙwal.

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya su malam? Ya ƙafar tasa?"

Ƙwal. Ƙwal.

Gumi ya jiƙa masa hula. Ya danne aljihu da gwiwar hannu, abin ya koma ƙara kamar ɗan tsako a cikin kwando. Gaisuwa ta kai kan awaki, buhu ya sauko da dubu bakwai.

Ana haka sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, shaƙe da shinkafa. Direba ya leƙo.

"Alhaji, ga kayan da Maikuɗi ya ce a kawo maka. Ya ce in akwai saura a ƙara taɓawa."

Mutumin ya saci kallo. Buhunansa ne, ga shuɗin fentin da yake shafa musu a kunne da hannunsa. Ya buɗe baki, ya tuna a gaban wa yake, ya rufe. Kuma ba ya yiwuwa ana sauke kayan suruki kana durƙushe kana kallo. Ya tuɓe riga ya shiga ɗauka. A cikin sito ya ishe na makon jiya jere har rufi. Ban da buhunan nan nasa, ko tsabar shinkafar Alhaji babu.

Ya gama, ya mayar da riga, ya koma mazauninsa yana haki.

"Allah shi yi albarka," in ji Alhaji. "Yaro mai ladabi."

Mutumin ya ga in bai yi magana yanzu ba, ba rana. Ya kafa ido a ƙasa, yana zane da yatsa.

"Baba, da ma cewa na yi, ko mai jego... ko an sa ranar komawarta?"

Tsoho ya ja carbi biyu, ya duba waya, ya dube shi.

"Buhu nawa sunka rage maka?"