Bikon Tasi'u da Furanni

Wai kun san Tasi'u mai gyaran waya na bakin tasha? To shi ne matarsa Zuwaira ta yi yaji. Laifin kuma nasa ne, don a gaban abokansa ya ɗaga murfin kwano ya ce wannan miya ce ko ruwan wanke-wanke. Ita kuwa tana jin sa daga madafi. Ko kwanon ba ta tsaya ɗauka ba ta yafa mayafi sai gidan kakarta, Iya Tabawa.

Da kwanaki suka ja, cin garau-garau a shago ya ishe shi, sai ya ce zai je biko. Kawunsa ya ce ya bari su tafi tare, a riƙa goro da turmin atamfa kamar yadda kowa ke yi. Tasi'u ya ce a'a, Kawu, wannan ai tsohon yayi ne. Shi dama kullum kunnensa na cikin waya yana koyon Turanci, kuma ya lura duk fim ɗin da ya kalla, da Bature ya ɓata wa mace rai sai ya miƙo fure, ita kuma ta hau murmushi. Sai gogan naka ya je wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, aka yanko masa fure ja da fari, aka naɗe a leda mai ƙyalli. Ya sha turare, ya hau babur shi kaɗai.

Ya tarar da Iya Tabawa a zaure tana tsince wake. Zuwaira na daga ciki, ya hango ƙafarta ta ƙasan labule. Ya durƙusa ya gaida tsohuwa, ya miƙa da hannu biyu.

Iya ta karɓa, ta juya shi, ta shinshina. Ta ce, "Ango, wannan na miya ne ko na turare?"

Ya ce, "Haba Iya, ba a ci. Kallo ake yi. Ban haƙuri na kawo."

"To ina manyanka? Ko su ma suna cikin ledar?"

Aka yi dariya a bayan labule. Tasi'u ya dake, ya gyara zama zai wayar mata da kai.

Ya ce, "Iya, ke dai ba ki sani ba ne. Su Turawa fure shi ne komai nasu. Mace kyakkyawa ma fure suke ce mata. Neman aure, fure. Dubiya a asibiti, fure. Kai, ko mutuwa aka yi, shi ake kaiwa a ɗora a kan kabari."

Iya ta gyaɗa kai, ta jawo farantin wakenta. Ta ce, "Ashe dai ka zo da shirinka. Ajiye shi nan, in an jima sai mu ɗora wa auren."