Rasuwar Kyaftin, Lofen Baba Jibrilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki da ya rasa abin cizo, Baba Jibrilu na unguwar Hulme a Manchester, tsohon direban bas, yana sanar da 'yan uwa na Manchester da Birmingham da Zangon Kumasi rasuwar lofensa na shan taba, wanda aka fi sani da Kyaftin. Ya cika ranar Asabar bayan azahar a unguwar Edgbaston ta Birmingham, a kan teburin kicin, a hannun mai shi.

Marigayin ya girmi Baba Jibrilu. Mahaifinsa ne ya saye shi a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Takoradi, ya sha shi har ƙarshen ransa. Da aka zo rabon gado, sauran 'ya'ya suka ɗebi riguna da rediyo, Jibrilu ya ɗauki lofe, kuma tare suka zo Ingila. Kyaftin mai haƙuri ne. Ya jure tsayuwa a bayan flat cikin ruwan sama tun da Hajiya Suweiba, uwargidan Baba, ta hana shi shiga falo. Ya jure ɓuya cikin takalmi duk ranar da za a je ganin likita, wato GP. Ba shi da yawan magana. Abin da aka ji daga bakinsa bai wuce "fup, fup" ba, sai wani "ƙurrr" idan yawu ya taru masa.

Ciwon ajali ta baki ya kama shi. Haƙoran uba da na ɗa sun yi shekara da shekaru suna cizon wuri ɗaya, har bakin bututun ya huje. An ba Baba shawarar ya aika shi wurin masu gyara, ya ce ba zai sa lofen ubansa a ambulan ya miƙa wa wanda bai san asalinsa ba. Sai ya sayo sabon bututu na baƙar roba ta intanet. Da ya iso, ashe ba a gama shi ba: ɗan rami ne kawai a bakin, dole sai an yanka masa tsaga a kwance, an faɗaɗa ta ciki, don hayaƙi ya bazu a kan harshe. Baba ya kalli bidiyon wani Bature yana yi da siririn zarto da ƙananan magagarai, ya ce shi da ya juya bas mai hawa biyu a Wilmslow Road ba zai kasa tsaga roba ba.

Da yake Hajiya ba za ta yarda a yi tiyata a gidanta ba, ya ce mata zai je Birmingham ziyarar ƙanensa Rahman. A can aka kwantar da mara lafiya a kan jarida. Rahman ya ce a cire bututun daga jikin lofen tukuna, Baba ya ce a bar su haɗe, haka ya fi daɗin riƙo. Da fari aiki ya yi kyau, kicin ya cika da warin ƙonanniyar taya. Daga nan zarto ya cije a cikin tsagar. Baba ya murɗa. Bututu ya tsage har gindi, wuyan lofen ya bi shi, kan ya faɗo ƙasa ya rabe biyu. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Baba ya ɗauki ɓangarorin biyu, ya kai hanci, ya ji ƙamshin zauren mahaifinsa. Can ya ce, "Rahman, da na zo da tabarau da haka ba ta faru ba." Tabaran yana bisa kansa, amma Rahman ya ga ba ranar faɗa ba ce. An gwada gam, bai kama ba. An dawo da gawar Manchester a cikin safa.

Marigayin ya bar rabin gwangwanin taba, da ƙusar da ake masa sakace, da tsohon bututu mai shaidar haƙoran mutum biyu, wanda Baba ya ce ko an mutu ba zai bayar ba. Ya kuma bar tari, wanda ake fatan zai bi shi nan kusa. Hajiya Suweiba ta karɓi labarin da juriya mai ban mamaki: ta buɗe tagogi, ta wanke labule, ta dafa wake da shinkafa ta raba wa maƙwabta.

'Yarsu Sherifatu ta ce kwandon sharar council ya isa, Baba ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. Saboda haka za a binne marigayin ranar Lahadi mai zuwa bayan la'asar, a cikin tukunyar barkono da ke baranda. Zaman makoki a falo ne, wanda marigayin zai ratsa a karon farko cikin shekaru. Hajiya ta ce a sanar cewa duk wanda ya zo gaisuwa da sabon lofe, akwai sauran wuri a tukunyar. Ba ta fayyace ko lofen take nufi ko mai kawowa ba.