Ranar da Farfesan Haske Ya Buɗe Duhu

"An ce sabuwar ta fito."

"Sabuwar me kuma?"

"Manhajar gyaran ɗanyen hoto mana. Farfesa ne zai gwada mana ita ran Asabar, kafin a kaɗa ƙuri'a."

"Shi da ko tsohuwar ban taɓa ganin ya..."

"Sassauta murya, ina jin takalminsa."

Takalmin kuwa nasa ne. A duk layin masu ɗaukar hoto babu mai taku irin na Farfesan Haske: ƙwas, ƙwas, sai ya ɗan tsaya, don a samu damar gaishe shi. Ya tsinci ƙarshen maganar, ya kuma fahimce ta yadda ya kamata, wato jama'a sun ƙosa Asabar ta yi. Ya ɗaga musu yatsu biyu ya wuce.

Allah ya yi wa layin nan gata da ya ajiye musu wannan bawa nasa. Jami'ar da ta ba shi farfesa har yau ba a gano inda take ba, amma an rubuta a ƙofar situdiyonsa da jan fenti, kuma fentin mai kyau ne, bai taɓa koɗewa ba. Kyamara biyu yake ratayawa a wuya, ɗaya ta aiki, ɗaya ta kwarjini. Rigarsa ta sama mai aljihu goma sha huɗu ce, tela ɗaya ne ya iya ɗinka ta, kuma ya rasu. Ba ya sa tabarau duk da likita ya ce ya sa, domin idon da ya san haske ba ya neman taimakon gilashi. Idan ka zo a yi maka hoton katin shaida, sai ya zagaya ka sau biyu, ya runtse ido ɗaya, ya sanar da kai cikin tausayi cewa fuskarka ba ta karɓar haske, amma zai yi bakin ƙoƙarinsa. Daga nan ya zare katin kyamara ya miƙa shi ta bayan labule, zuwa wurin da yake kira Sashen Fasaha.

Sashen Fasaha matarsa ce. A ɗakin baya take wuni, tsakanin injin buga hoto da tulin firam, ita da kwamfuta da wata fanka mai kukan tsufa. Ita ke gyara karkatattun kawuna, ta dawo da idanun da Farfesa ya bari a duhu. Shi kuma ya karɓa, ya hure ƙurar da babu, ya miƙa wa mai hoto da hannu biyu.

Shekara tara ke nan yana shugabancin ƙungiyar masu hoto, kuma kujerar a kan hoto guda take tsaye. Wata tsohuwa ce, goggon matarsa, zaune a bakin taga tana zura zare a allura. Haske ya sauka a rabin fuskarta da yatsunta, sauran hoton kuwa, fiye da rabinsa, baƙi ƙirin. Hoton ya ci gasa, ya zo da kofi. Da Farfesa ya hau kujera sai ya sa aka rubuta sashe na bakwai a dokokin ƙungiya: ba mai zama shugaba sai wanda hoton da ya ɗauka da hannunsa ya taɓa cin gasa. Doka ce mai adalci ƙwarai, musamman ganin cewa mutum ɗaya ne ya cika ta.

Sai bana tsautsayi ya gitta. Mai Fasfo, wanda ke ɗaukar hoto ƙarƙashin lema a ƙofar ofishin katin shaida, ya ci wata 'yar gasa da hoton kare yana leƙe ta tagar mota. Ya cika sharaɗi, ya kuma tsaya takara. Farfesa bai damu ba ko kaɗan. Rashin damuwar ce ma ta hana shi cin abinci kwana biyu, har ya yanke shawarar cewa kafin zaɓe zai buɗe ɗanyen hoton tsohuwar a sabuwar manhaja, a gaban kowa, a ga bambancin gwani da mai bin kare.

Labarin yadda ya ɗauki hoton kowa ya haddace shi, ko da yake labarin yana girma kamar yaro mai lafiya. Shekarar farko awa uku ya yi yana jiran hasken. Daga baya ya zama wuni. Bana kwana uku ne, rub da ciki a kan siminti, ba ci ba sha.

"Haske kowa na iya samunsa," in ji shi, da muryar nan da yake saukarwa har cikin ƙirji. "Duhun nan kuwa ni na ƙera shi, da hannun nan."

Ran Juma'a da hantsi matarsa ta leƙo ta labule. Ta riga ta sauke sabuwar manhajar, ta gwada ta a kan hotuna da dama, kamar yadda take yi wa kowace sabuwa. Ta yi masa bayani a hankali cewa ɗanyen hoto yana nan yadda kyamara ta haɗiye shi, ba a zubar da komai ba, kuma inda ido ke ganin baƙi sau da yawa akwai kaya kwance a ciki. Tsohuwar manhaja in aka ce ta buɗe duhu sai ta kawo dishi-dishi, kamar talabijin ta rasa tasha. Wannan kuwa sharewa take yi tas.

"Baban yara, ka gwada da wani hoton," ta ce. "Ga na mai shagon taya, ga na 'yan makaranta. Na Goggo ka bar masa duhunsa."

Farfesa ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibi mai ƙoƙari. Ya tunatar da ita cewa shi ya san hoton nan ciki da bai, kowane ɗigo nasa. Ya ƙara da cewa tsoron sabon abu halin mata ne, ba laifinta ba ne. Ta ce to, ta saki labule.

Asabar, a wani aji da aka aro a makarantar bayan layi, mutum kusan arba'in suka matsu a kan bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Matar Farfesa ta kafa majigi, ta jona wayoyi, ta daidaita farin ƙyalle a jikin allo, sannan ta koma bencin ƙarshe ta zauna da jakarta a cinya, agogonta a hannun dama kamar kullum. Ba 'yar ƙungiya ba ce. Mijinta ya sha faɗa cewa ƙungiya ta masu ɗaukar hoto ce, ba ta masu danne-danne ba.

Ya miƙe, ya gyara murya sau uku, kowace da nata sautin.

"'Yan'uwana ma'aikatan haske, da kuma masu fasfo. Kamfanin da ya yi manhajar nan bai tuntuɓe ni ba, amma na duba aikinsu, kuma zan iya cewa sun kama hanya."

Ya kama linzamin kwamfuta kamar mai kama ɗan tsako. Kibiyar da linzamin ke jujjuyawa a kan allon ta ɓace masa, ya neme ta a kusurwa huɗu, ya bayyana wa jama'a cewa sabuwar fasaha ce, kibiya na ɓuya don kada ta tare hoto. Ya buɗe wasan kati bisa kuskure, ya ce gwajin launi ne. Daga bencin ƙarshe wata murya ta ce a hankali, "Na hagu, mai ruwan toka," ya danna na hagu mai ruwan toka, ya ce dama can yake nufi.

Tsohuwa ta bayyana a kan ƙyalle, da allurarta da zarenta. Aji ya zuba mata ido, domin hoton, a faɗi gaskiya, yana da kyau har yanzu.

Mai Fasfo ya ɗaga hannu. Muryarsa siririya ce, mai ladabi, irin ladabin reza.

"Ranka ya daɗe, an ce ita wannan tana fito da abin da ke cikin inuwa. Ko za a taimaka a nuna wa ƙanana irinmu?"

Farfesa ya nemo ɗan layin da ake ja don buɗe inuwa. Wani zai ja kaɗan ya duba. Shi ba mutumin rabi-da-rabi ba ne, sai ya ja shi har ƙarshe, ya juyo ya fuskanci jama'a yana buɗe hannuwa.

A bayansa duhu ya fara yayewa. Bango ya fito, da kalanda. Keken ɗinki ya fito. Sai wata durowa mai dogon madubi, a madubin kuma ga duk sauran ɗakin, tsaf, babu dishi ko ɗaya. Wata mata ce a durƙushe da kyamara a fuska, agogonta a hannun dama. A bayanta, kan doguwar kujera, wani mutum ya miƙe ƙafa, baki a hangame, faranti a kan tumbi, babban yatsansa ya leƙo ta hujin safa.

Kawuna suka fara juyawa zuwa bencin ƙarshe, inda wata mata ta sa hannun hagu ta rufe agogonta.

Farfesa ya ji yanayin ajin ya canza, ya ɗauka mamaki ne. Ya waiga, ya matsa dab da ƙyallen, ya runtse idon da ya san haske. Abin da ya iya gani shi ne wani abu kwance kamar buhu.

"Kun gani ko?" ya ce, yana buga ƙyallen da yatsa. "Haka duniya take. Ana kafa tarihi a ɗaki, ga wani malalaci can yana sharar barci. Irin waɗannan ne suka cika sana'ar nan yau."

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Sai aka ji muryar Mai Fasfo, ƙasa-ƙasa, kamar mai koya wa yara lissafi, yana ƙirga aljihunan rigar mai barcin. Ɗaya, biyu, uku. Wajen na takwas bencin gaba ya kama masa. Wajen na goma sha biyu duk ajin ne. Da aka kai goma sha huɗu manhajar ma ta sa baki: ta zana ɗan akwati a kan fuskar mai barcin, domin ita sabuwar tana gane fuska, kuma kwamfutar cike take da hotunan maigidan. Ta rubuta a ƙasa, da haruffa masu tsabta, Farfesan Haske.

Nan fa wata rana ta dawo masa, wadda ya yi shekara tara yana yi mata fenti. Ziyara ce gidan Goggo, an ci an ƙoshi, fanka na kaɗawa. Ya tuna ya farka ya ga hoton a bayan kyamara, ya ce kyamararsa ta yi ƙoƙari. Ya tuna matarsa ta bar shi a haka.

Sakataren ƙungiya, dattijo mai muryar karanta sanarwa, ya lashi yatsa ya fara buɗe littafin dokoki. Ya karanta sashe na bakwai daga farko har ƙarshe, bai ɗaga murya ba, bai sauke ba. Da ya gama ya leƙa ta saman tabarau, ya tsallake Farfesa, ya tsallake Mai Fasfo, idonsa ya sauka a bencin ƙarshe.

"Anti, ki yafe mana," in ji Mai Fasfo, har da ɗan rusunawa. "Ashe shekara tara muna gaisuwa a ƙofa, mai aikin na bayan labule."

Farfesa ya faɗa kan kwamfuta. Ya danna nan, hoton ya ƙara haske. Ya danna can, bakin nan da ke hangame ya taso ya cika ƙyallen, har ana ganin haƙorin da ya cire bara waccan. Ya ja wata waya, fankar ajin ta tsaya, hoton yana nan daram. Gumi ya jiƙa aljihu goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara murya, muryar ƙirjin nan ta ƙi zuwa, sai wata 'yar ƙarama ta fito, wadda ba a taɓa ji a layin ba.

"Maman yara, don Allah taso ki nuna mini inda ake dannawa a mayar da duhun."