Sharhin da Na Yi wa Kawu Garba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa Kawu Garba sharhin littafinsa ba. Da ana sayar da mantuwa a kasuwa, da tuni na saya.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ban daɗe da fara koyar da Hausa a wata sakandare a Argungu ba. Sababbin littattafan labarai sun fara shigowa gari, ni kuwa na naɗa kaina alƙalinsu. Duk wanda na karanta sai na zauna a ɗakin malamai ina yanke masa hukunci: wannan jigonsa ya yi rauni, wancan ba shi da salo. (Da kalmomin nan biyu na fito daga kwaleji, kuma ban taɓa barinsu sun huta ba.)

Kawu Garba ƙanen mahaifiyata ne, manomin shinkafa a Gulma. Karatunsa na boko bai wuce firamare ba, amma ko takardar ƙunshin ƙosai ya samu sai ya karanta. Wata ranar kasuwa ya iso gidana a kan keke, ya ciro littattafan rubutu guda biyu, irin na 'yan makaranta, a naɗe cikin ƙyalle.

"Malam," in ji shi (haka yake kirana tun da na kama aiki, ni da ya ɗauka a kafaɗa), "labari na rubuta, na wasu masunta. Damina uku ina fama da shi. Ka duba mani, ka hwaɗa mani gaskiya."

Na karɓa da hannu biyu. Bayan tafiyarsa na buɗe na farko, na ga rubutu a cunkushe, babu aya babu waƙafi. Shafi biyu na karanta, na ce a raina manomi ina shi ina adabi. Na ɗora su a kan kabad, takardun jarrabawa suka binne su har wata huɗu.

Sai ga ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi. Mahaifiyata ta aiko cewa Kawu yana ta cigiyar littattafansa, in zo da su. Na kakkaɓe su, na sa a jaka da niyyar karantawa a mota. Barci ya kwashe ni, sai a Ambursa, dab da Birnin Kebbi, na farka.

Bayan an shafa fatiha muka zauna a rumfa ana cin shinkafa. Ashe Kawu ya riga ya ba abokansa labari. Dattawa ne wajen shida, har da limamin unguwar. Ya yafito ni, fuskarsa cike da fara'a.

"Ga Malam nan, shi ad da littahina. To, mi ka gani ciki?"

A nan ya kamata in ce ban karanta ba. Maimakon haka sai na miƙa masa ƙunshin, na gyara zama, na yi gyaran murya.

"Littafi na farko babu laifi, Kawu. Jigo ya fito, salon ma da dama-dama."

Dattawa suka gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan shi ya kai ni ya baro, don sai na ji kamar ina gaban aji.

"Matsalar tana cikin na biyu," na ci gaba. "Labarin ya yi ja, ka tara mutane da yawa, sannan ka yi gaggawar rufe shi. Sai an sake zama a kansa."

Kawu ya jawo ƙunshin gabansa. Ya kwance ƙyallen, ya ɗauko littafi na biyu, ya riƙa buɗe shi a hankali, shafi bayan shafi. Fari fat. Layi ɗaya ne kawai a shafin farko, da manyan baƙaƙe: WANNAN NA GYARAN MALAM NE.

"Wanga sabo na saye maka," ya ce a hankali, "don ka rubuta gyara ciki. Labarin duk yana ga na farko."

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Lomar da ke hannuna na rasa inda zan kai ta. Liman ne ya tausaya mini, ya juya yana tambayar wani yadda ruwan fadama yake bana. Kawu ya naɗe kayansa, ya sa a aljihun babbar riga.

"Ba komi, Malam. Aiki ya yi maka yawa."

Sau biyu ina zuwa Gulma ba shi haƙuri. Ya karɓe ni da kyau, har da tsarabar shinkafa, amma duk lokacin da na nemi littafin sai ya ce, "Yana nan, sai ka samu sarari." Bai sake ba ni shi ba. Bayan rasuwarsa na tambayi matarsa, aka bincika ɗakinsa kaf, ba a gan shi ba.

Abin da na sani na labarin shafi biyun nan ne: wani masunci yana gyaran komarsa ta kamun kifi a bakin gulbi, matarsa ta taho da gudu tana kiransa. Har yau ban san abin da ta zo faɗa masa ba.

Yanzu ma ana kawo mini rubutu in duba, wai ni masani. Idan ban karanta ba, nakan ce ban karanta ba. Kalma uku ce, kuma ban taɓa jin ta kashe kowa ba.