Rotil na Hagu Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, Alhaji Ya'akubu mai fataucin shanu na unguwar Mursal yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Rotil na Hagu, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi a kan hanyar Gawi, bayan doguwar jinya da kowa ya sani ban da mai motar.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, wani ɗan ƙarfe ne mai dunƙulallen kai, wanda ke isar da saƙon sitiyari zuwa ga tayar gaba. Ya zo tare da motar a shekarar 1992. Shekara goma sha ɗaya yana aiki, bai taɓa neman ko cokalin giris ba, ba a kuma taɓa ba shi ba. Za a daɗe ana tuna muryarsa. In an faɗa rami ya ce ƙwal-ƙwal, in an sha kwana ya ce ƙiii, har maƙwabta kan shimfiɗa tabarma tun Alhaji bai shigo layi ba.

Ciwon ya fara da karkata. Mota ta riƙa ja hagu, Alhaji ya riƙa ja dama, suka zauna lafiya a haka. Tayar ta cinye ta gefe guda, ya ce ai ko takalmi haka yake yi. Da ƙarar ta yi yawa bara, ya kai ta garejin Buba a Kilemat. Buba ya ɗaga ta a jak, ya kama tayar hagu da hannu biyu ya girgiza, ta yi lilo kamar haƙorin tsohuwa. Buba Larabci ya iya da Faransancin gareji, Hausarsa kuwa ta cefane ce. Ya nuna ƙarƙashin motar ya ce, "Alhaji, je. Je gaba, katir!"

A bakin makanikai, je shi ne wasan da ƙarfe ke yi in ya sassauce, katir kuma da Larabci da yawa ke nan. A kunnen Bahaushe kuwa, je je ne. Alhaji ya yi godiya, ya ce wa Buba Allah ya ƙara ilimi, ya je gaba sosai kamar yadda aka umarce shi, har shekara guda.

Ranar Talatar nan ya ɗauko randar da uwargidansa Hajiya Saudat ta sa aka gina mata a Gawi, mai zane uku a wuya. Kowa a Mursal ya san rantsuwar Hajiya: "Ranar da akwalar nan ta fasa mini ko da kasko ne, Alhaji, masu yanka ƙarfe za su raba ta kamar naman layya." Hajiya kuwa ba ta taɓa yin kaffara ba. Alhaji na cikin tafiya sannu sai marigayin ya ce gwaf, bai ƙara cewa komai ba. Tayar dama ta nufi gida, ta hagu ta ce ita Gawi za ta koma. Alhaji ya fito a guje, ya leƙa kujerar baya, ya ga randa garau, ya taka rawa a tsakiyar hanya da babbar riga.

Aka kirawo Buba, ya zo ya yi wa mamacin wanka da kananzir, ya samu robarsa a yage, cikinsa fal yashi. Ya ƙirga sau nawa aka murɗa tsohon, ya ɗaura sabo, ya ja igiya ya daidaita tayoyi, mota ta miƙe sak.

Sai dai ba wanda ya sanar da hannun Alhaji. Hannun da ya shekara bakwai yana ja dama ya ci gaba da aikinsa, kuma yanzu motar tana jin magana. A ƙofar gida ta bi umarni ta rungumi ginshiƙin dama. Daga kujerar baya aka ji tus.

Marigayin ya bar tagwaininsa Rotil na Dama, wanda shi ma ba lafiya gare shi ba, da taya ɗaya mai sanƙo, da fitila ɗaya mai rai, da Alhaji wanda rabonsa da tuwo tun ranar.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis bayan la'asar a bayan garejin Buba, ƙarƙashin darbejiya. Zaman makoki a ƙofar gidan Alhaji, kusa da ginshiƙin da aka ambata. Iyalai sun yafe goro, sun yafe shinkafa. Duk mai son nuna zumunci, ya biya ta Gawi ya duba mana randa mai zane uku a wuya, ya kawo ta a ka, kada a mota. Hajiya ta tafi bikin suna a Kusuri, ranar Juma'a za ta dawo. In ba a samu ba, kada a naɗe tabarmi, akwai babbar gawa a tafe.