Alƙalin da Ya Shiga Uku

"Ina kwana, alƙalin makafi? Ya gajiyar ɗaga hannu?"

Nafisa ce ta leƙo zauren gidan kawunta a Tudun Wada, inda taubashinta Zakariyya'u ya maƙale tun safe, ya ja hula har gira. Jiya shi ya hura wasan ƙwallon kwando na 'yan mata a Unguwar Sanusi. Ƙungiyar Nafisa na baya da maki biyu, ta yi jifan ƙarshe daga nesa, ƙwallo ta faɗa raga, gogan naka ya ɗaga hannu biyu, wato maki uku. Suka ci wasa. Kafin magariba bidiyo ya zaga wayoyi, ga takalminta nan ɗare-ɗare a kan layi. Jifan na maki biyu ne, kunnen doki ya kamata a yi. Ni kaina da na kalla sai da na ji masa kunya.

"Lafiya lau," in ji shi, bai ɗago ba. "Wa ya aiko ki?"

"Na zo gaida bawana ne. An ce ƙwallo ta shiga biyu, kai ka shiga uku."

"Ƙafarki ce ta ja min. Mace da ƙafa kamar faranti, ina layi zai tsira?"

"Faranti guda ka kasa gani? To da allura ce fa?"

"Irene mai tsaronki ce ta tare ni. Yarinyar nan da ƙofa a faɗi ba su da maraba."

"Wa ya ce ka laɓe a bayanta? Inuwa ka je sha? Alƙalin wasa in yana baya gefe yake matsawa, ya samu tsakanin mai jifa da mai tsaro, ya fara duba ƙafa kafin ya bi ƙwallo da ido. Kai kuwa ka saki baki kana kallon sama kamar mai neman watan Sallah."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

"Naka dai tiya ce mai huda. Ka san abin da ake faɗa a Unguwar Boro? Wai sadakina ka biya da maki ɗaya."

Nan ya ɗago, fuskarsa abin tausayi. Wannan maganar ce ta hana shi fita ko sayen koko.

"Allah ya kiyaye. In auri mai taka doka a bainar jama'a? Wallahi Nafisa ban gani ba. Cinka na yi. Na ga kin yi nisa, hannuna ya tashi da kansa."

"To je ka faɗa wa Koci Tagwai, mai horar da waɗanda muka ci, haka. Yau da la'asar 'yan wasansa na atisaye. Hadassah kyaftin ɗinsu ko gaisuwata ba ta amsa ba, ƙawata tun firamare."

"In je su cinye ni ɗanye? Na ajiye usur. Kiwon kaji zan koma."

"Kajin ma ƙirga su za ka yi, biyu ka ce uku."

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Zan ce rana ce ta kashe min ido."

"Ana yayyafi?"

Can ya karkace hula ya ƙura mata ido.

"Tsaya tukuna. Ni ban gani ba, na yarda. Ke fa? Ƙafar aro kika zo da ita? Mai jifa ya san inda ya taka."

Nafisa ta shiga wasa da bakin mayafi.

"Na ji ta," ta ce a hankali. "Na leƙa ƙasa kafin in saki ƙwallon. Da na ga ka ɗaga hannu sai na yi gum."

"Kika yi gum? Ke da kika zaga fili kina rawa har ɗankwali ya faɗi?"

"Rawar kunya ce."

"Laifi tudu ne, kin taka naki, kin taka layi, kin zo kina hango nawa. Ashe ɓarauniya ce ta zo yi wa makaho wa'azi."

"Ban yi barci ba jiya, Zakari. Da wane ido zan kalli Hadassah?"

Ya tura hular baya, ya laluba ƙarƙashin tabarma ya zaro usur ɗin da ya ce ya ajiye, ya rataya a wuya.

"Tashi mu je. Sakamako ba zai canza ba, amma su ji daga bakinmu. Ni in ce ban gani ba, ke ki ce kin gani."

"Kai za ka fara magana."

"Na ƙi. Mai babbar ƙafa ke fara shiga."

Dariya ta ƙwace mata, tana share ido da mayafi. "Na yarda, ka ci wannan. Wuce mu tafi."

"A'a, shige gaba," in ji shi, ya matsa gefe ya ba ta hanya. "Daga nan har gaban Tagwai idona na kan ƙafarki, kar ta karkata gida."